Surukina da Ƙanen Lansir

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, kuma surukina ya riga mu komawa a watan jiya, wata Talata da hantsi, bayan ya sha kununsa ya kushe shi.

An yi zaman makoki a ƙofar gidansa da ke unguwar Mahjar, irin na mutanen Jidda. Aka tare lungu da kujeru, aka jawo wayar lantarki, ana zagawa da gahawa. Mu dangi muna tsaye a jere, kowa ya zo ya dafa kafaɗarmu ya wuce. Larabawa su ce "Azzamallahu ajrakum", namu su ce "Ya haƙuri", samarinmu haifaffun nan su haɗa biyun su ɓata duka. Ni da yake malamin makaranta ne, sauraron abin da mutane ke faɗa ya zame mini ciwo, sai na kasa kunne.

Mahaucin nan Bayamane da ya daɗe yana sayar masa da nama ya yi kuka har da majina, ya ce bai taɓa ganin mutumin da ke raina cinyar rago cikin ladabi irin nasa ba. Wani direban babbar mota ya ce daga yau tsire ya ƙare a Jidda, saura gasasshen nama. Wani dattijo da babu wanda ya san shi ya zo daga Makka, ya zauna bai ce uffan ba. Sai da zai tashi ya gaya mana cewa shekarar da ayarinsu ya tafi ya bar shi bayan hajji, mutumin nan ne ya ciyar da shi har ya sami jirgi, kuma ko sau ɗaya bai tambaye shi yaushe zai tafi ba.

Amma wanda ya sa na ɗauki alƙalami wani maƙwabci ne mai gyaran rediyo. Ya jawo ni gefe, ya rage murya.

"Ustaz, tsakaninka da Allah, ya same ta?"

"Wa fa?"

"Ciyawar mana. Wadda ake zubawa a tagulla ta koma zinariya. Duk unguwa an san abin da ya kai ku kudu."

Na dubi gidan langa-langan da surukina ya rayu a ciki ya mutu a ciki, na ce masa in dai ya same ta, to lallai ya iya ɓoyo. Mutumin ya gyaɗa kai kamar na ba shi tabbaci. A nan na gane cewa in ban rubuta ba, wata rana jikokin marigayi za su tone ɗakinsa da diga. Abin da ya nema ba ya mai da komai zinariya. Wani ɗan farin fure ne da tsawonsa bai wuce taƙi ba, kuma ga yadda abin yake.

Baba nake ce masa, kamar yadda 'yarsa ke ce masa. Shi kuma Ustaz yake ce mini, da wata irin murya da ke sa kalmar ta yi kama da sunan wata cuta mara tsanani. Daga Sudan na zo, daga ƙauyukan Hausawan bakin kogi, aka ɗauke ni koyar da ilmin halittu a wata makarantar gwamnati. Na san tukubar tsirensa tun kafin in san yana da 'ya, kuma ba zan rantse wanne ne ya fara jan hankalina zuwa gidan ba.

Ba ya awo. Ƙuli-ƙuli, citta, barkono, gishiri, duk da hannu yake ɗiba, ya ɗora ɗan kaɗan a harshe, ya lumshe ido, ya ce saura ko ya ce halas, wato ya isa. Da harshe ya san duniya. Ba ya wuce ganye a hanya bai tsinka ya ɗanɗana ba. Ya taɓa zaro alli daga aljihun rigata ya lasa, ya ce gwamnati ta sauya kamfani. Da na bincika, ta sauya. In na ce masa wata rana zai ci abin da zai kwantar da shi, sai ya ce, "Ido daga nesa yake tsayawa, Ustaz. Harshe ne ke zuwa har wurin."

Tun ranar da aka ɗaura mini aure da 'yarsa na daina cin tsirensa a gabansa, domin mu a wurinmu mutum ba ya motsa baki gaban surukinsa. Larabawan unguwa sun kasa gane wannan. Suna ganin yadda nake zuwa in durƙusa in gaishe shi, nama na ƙauri a gabana, in haɗiye yawu in tashi, sai suka yanke cewa likita ne ya hana ni. Baba yakan naɗe nawa a takarda ya aika gida, ya iso da sanyi. Na yi asarar tsire mai zafi na shekaru masu yawa saboda tarbiyya, kuma shi bai taɓa cewa in bari ba. Ina jin abin yana ba shi nishaɗi.

Mutum ne da ba ya faɗa da kowa. Da mutum ɗaya kaɗai yake jayayya a duniya, ita ce yayarsa, wadda duk muke kira Gwaggo. Ƙofarta na kallon tasa, lungu ne kawai tsakani. Su biyun nan su kaɗai suka iso Hijaz daga cikin gidansu. Iyayensu sun taso da su daga ƙasar Hausa da ƙafa, da niyyar hajji. Uban ya rasu a Sudan, uwar ta ce ita ba ta fasa ba. Ayarinsu ya hau duwatsun Habasha, ya gangara bakin teku, suka ƙetare a jirgin ruwa mai filafilai, suka sauka can kudu, nesa da Jidda. Da yake zazzaɓi ya yi yawa a bakin teku, sai suka bi mahajjatan Yaman ta kan duwatsu suka yiwo arewa. Baba a lokacin ɗan goye ne da ya fara wayo, Gwaggo kuwa ta soma zama budurwa. A wani wuri cikin wannan tafiya uwar ta rasu, aka binne ta, ayari ya ci gaba.

A ina? Nan ne jayayyar.

Gwaggo ta ce a Habasha, kafin teku. Baba ya ce bayan an ƙetare. Hujjarsa abin da ya tuna: ya tuna jirgi, ya tuna amai, sannan ya tuna wani dutse mai sanyi, yana goye a bayan Inna cikin baƙin zanenta mai ƙamshin shuni, ƙishirwa na cinsa. Ta sunkuya ta tsinko wani ganye daga tsagar dutse, mai farin fure, ta sa masa a baki. Ganyen na da yaji kamar lansir. Tun da jirgin ne ya fara zuwa a kansa sannan goyon, to Inna ta ƙetare.

Malamai da yawa sun gaya masa cewa wanda ya mutu a hanyar hajji ladansa na nan, ko a bakin ƙofar gidansu ya faɗi. Ya ce ya ji, ya kuma gode. "Amma lada daban, isowa daban. Mace ta bar garinsu, ta binne miji a hanya, ta yi shekaru tana taka ƙasa da yara biyu, a ce ko gefen ƙasar nan ba ta taɓa da ƙafarta ba? Ban yarda ba."

Kowane watan Sha'aban sukan yi wa mahaifiyarsu sadaka, rana ɗaya, amma tukunya biyu, domin sun kasa haɗuwa a kan addu'ar. Baba zai tsaya a ƙofarsa ya ɗaga hannu, ya kuma ɗaga murya fiye da yadda Mai ji ke bukata.

"Allah ya ji ƙan Inna, da ke kwance a ƙasar Larabawa."

Daga ƙetaren lungu sai a ji, "A Habasha."

"Amin dai za ki ce, Yaya."

"Amin. A Habasha."

Ba ta taɓa ƙara kalma a kan wannan ba. In ya fara kawo labarin jirgi da dutse, sai ta ce, "Auta, wutarka na mutuwa," ta shige ɗaki. Maƙwabta kuwa suna cin shinkafa sau biyu, saboda haka babu wanda ya matsa a yi sulhu.

Ganin baki ya kasa, sai Baba ya koma neman shaida. Lissafinsa shi ne, in aka sami furen nan a duwatsun wannan gefen teku, magana ta ƙare. Duk direban da ya tsaya sayen tsire, in ya ce daga tudu yake, sai an kwatanta masa fure. Aka yi ta kawo masa ciyayi a aljihu da cikin rawani, yana taunawa yana tofarwa. Baƙin tsoho daga ƙasar Takruru, yadda Larabawa ke kiran ƙasashenmu na yamma, yana neman wata ciyawa ta kan dutse, ba ya kuma faɗin dalili: mutanen Jidda ba su bukaci fiye da haka ba su kai ga zinariya.

Ni ban daɗe da shiga gidan ba ya yi mini jarrabawa.

"Ustaz, an ce ciyayi kake koyarwa."

"Har da dabbobi, Baba."

"Na ga ɗalibanka. Ciyayin nake tambaya."

Ya kwatanta mini. Fure fari, ƙanana, kowanne da kunnuwa huɗu suna kallon juna kamar mararrabar hanya. Ganyen a kwance a ƙasa, a zagaye kamar faifai, da kaushi kamar harshen kyanwa. Ba ya fitowa a fili, sai a tsagar dutse inda ke da laima. Ga kuma yajin lansir.

Na ji daɗi ƙwarai, domin ba kullum suruki ke tambayarka abin da ka sani ba. Na ce masa kunnuwa huɗu a gicciye da yaji a harshe alamar gida ɗaya ce a cikin tsirrai, gidan hardal, wanda lansir ke cikinsa, da jarjir ɗin da Larabawa ke ci da kifi, da fijil ɗinsu mai saiwa kamar karas, har da kabeji. Bai yarda da kabeji ba. Ya ce kabeji bai yi kama da wanda ke da dangi ba. Na bi masu kayan lambu na roƙe su su bar mini lansir da jarjir da fijil su tsufa har su yi fure, na kawo masa. Ya duba, ya ƙirga kunnuwa, ya tauna kowanne.

"Gidan ne," ya ce, "amma ba yaron ba ne. Wancan ƙanen lansir ne, wanda aka kai riƙo kan dutse."

Sunan da ya bi shi ke nan a gidanmu. Mun hau Ɗa'if nemansa a wani dogon hutu, muka tarar rani ya riga mu, babu abin da ya rage a duwatsun sai ƙaya da birai. Baba ya ɗanɗana ƙayar, don kada a ce mun zo a banza.

Shekaru suka wuce. Idon Gwaggo ya fara rufewa, ta kwanta wani ciwo da muka zaci na ajali ne. Da ta tashi, Baba ya aika a kira ni. Ban taɓa ganinsa ba tare da tsinke ko wuƙa a hannu ba sai ranar.

"Ustaz, mu biyu muka rage da muka san fuskar Inna. Ba na so ɗayanmu ya tafi da jayayya a baki. An ce an gyara hanyar kudu."

Muka jira hutun da ke zuwa bayan sanyi. Wani mai sayen tsirensa da ke kai kaya garin Abha can kudu ya ɗauke mu a wanet ɗinsa, wato a-kori-kura. Na ari wani ƙaton littafin furannin duwatsu daga wani Bature da muke koyarwa tare, na sa gilashin ƙara girma a aljihu, na ɗauki bargo biyu. Baba ya ce bargo na masu ilmi ne. Da muka fara hawa, gajimare ya shigo motar ta taga, sai ya karɓi duka biyun ba tare da ya yi wata sanarwa ba.

Wanda ya saba da Jidda ba zai yarda akwai irin wannan wuri a ƙasa ɗaya da ita ba. Itatuwa masu gemu, hazo na tafiya a ƙasa kamar garken tumaki, ruwa na ɗiga daga dutse ba tare da kowa ya biya mai jakin sayar da ruwa ba. Muka yi ta yawo daga wannan tsauni zuwa wancan, ni ina gaba da littafi, Baba na baya yana tauna abin da na riga na kore. Ranar da direba ya ce gobe dole mu juya, Baba ya zaga bayan wani dutse da butarsa zai yi alwalar azahar. Aka daɗe bai fito ba. Na bi shi.

Na same shi a tsugune, butar a kife, ruwa ya zube. A gefen dutsen da rana ba ta kaiwa, cikin wata tsaga mai danshi, ga su nan sun yi ɗan cinkoso, farare tas, suna rawa a iska.

Na durƙusa na yi aikina, domin in ban yi ba kuka zan yi. Kunnuwa huɗu, a gicciye. A tsakiyar furen 'yan tsinkaye shida masu ɗauke da gari, huɗu dogaye, biyu gajeru, wanda shi ne hatimin gidan hardal da ba ya ƙarya. Ganyen ƙasa a zagaye, bakinsa da 'yan haƙora, na sama kuwa ya rungume kara. Da na sa gilashi na ga gashin da ke ba shi kaushi, kowane ɗaya ya rabu kamar tauraro. A ƙasan furannin da suka tsufa, kwanson iri siriri kamar allura. Na faɗa wa Baba duk wannan, a tsare, yadda nake faɗa wa aji.

Bai ji ko ɗaya ba. Ya tsinki ganye ya sa a baki, ya lumshe ido. Sannan ya tsinki wani ya miƙo mini.

"Tauna."

"Baba..."

"Ustaz, harshena ya tsufa, wuta ta cinye rabinsa. Ban yarda da shi shi kaɗai ba. Shaida nake so."

"A gabanku?"

Ya dube ni, ya dubi dutsen, ya dubi sararin Allah da babu kowa cikinsa sai mu biyu da wani biri.

"To in juya maka baya?"

Kuma ya juya. Dattijo mai furfura, lulluɓe da bargo biyu, ya ba ni baya a kan tsauni don in sami damar tauna ganye cikin mutunci. Na tauna. Da farko ba komai, sai ɗanyen ganye. Can sai yajin ya taso ta bayan harshe ya bi hanci.

"Lansir ne, Baba. Da ɗan ɗaci a ƙarshe."

"Da ɗan ɗaci a ƙarshe," ya maimaita. Bai juyo ba. Kafaɗunsa kawai na ga suna motsi, ni ma sai na juya nawa bayan, muka tsaya haka kamar waɗanda suka yi faɗa.

Muka tono ɗaya da ƙasarsa muka sa a gwangwanin madara, muka rufe da jiƙaƙƙen tsumma. A hanyar dawowa direba ya tsaya shan shayi, ni kuma na buɗe littafin na bi hotuna har na same shi. Masana na ce masa Arabis alpina. Da na karanta da ƙarfi Baba ya yi tsalle.

"Ka ji ko! Su ma Nasara sun ce na Larabawa ne."

Sai dai malamin makaranta ba ya iya tsayawa a tsakiyar shafi. Na ci gaba har layin ƙarshe, inda ake faɗin wuraren da tsiro ke fitowa. Yana fitowa a duwatsun ƙanƙara na Turai, da na arewacin Afirka, da na kudancin ƙasar Larabawa, da kuma tsaunukan Habasha. Na karanta masa yadda yake, na fassara.

Ya ajiye kofin shayinsa.

"Wato furen ma bai zaɓi gefe ba."

"Bai zaɓa ba, Baba."

"Munafuki." Ya daɗe yana kallon gwangwanin. "Shekara nawa ina nemansa ya tsaya mini, ashe shi ma ɗan ayari ne. To. Mu dai kai mata. Ta daɗe ba ta gan shi ba."

Zafin gangare ya kusa kashe furen kafin mu iso. Da la'asar muka shiga wurin Gwaggo, tana zaune a tabarma tana jan carbi, maiɗakina na tsefe mata kai. Na tsaya daga bakin ƙofa. Baba ya ajiye gwangwanin a gabanta, ya kama hannunta ya ɗora a kan ganyen da ya yi yaushi. Ta shafa, ta murza, ta kai hanci, ta kai baki.

"Shi ne," ta ce. "Ina ka samo wannan ɗan wahalar?"

"A wannan gefen, Yaya. Amma kada in cuce ki. Littafin Ustaz ya ce har a Habasha akwai."

"Sai da littafi? Mun ci shi a miya a can, mun ci shi a miya a nan. Da ka tambaye ni."

"Da na tambaye ki sai ki ce wutata na mutuwa."

Ta ajiye carbin. Shi ma ya zauna a ƙasa, abin da ban taɓa ganin ya yi a ɗakinta ba.

"Yaya, yau ki bari in kai ƙarshe. Ba ni da shaida kuma, sai abin da ke kaina. Na tuna jirgi, na tuna dutse, ina bayanta. Ta sa mini ganyen nan a baki. Akwai saura, ban taɓa gaya wa kowa ba, ko uwar yaran nan har ta rasu ba ta ji ba." Muryarsa ta sauka. "Yajin ya ba ni haushi, na cije ta. Na cije mata yatsa da ƙarfi har na ji gishirin jini. Ta yi ƙara. Daga nan ban ƙara tuna ta ba. Abin da na yi mata na ƙarshe ke nan a duniya. Shi ya sa nake so a ce ta iso. In ta iso, ko ba komai ba a banza ta ɗauko ni ba."

Maiɗakina ta tsayar da tsifa. Ni na kafa ido a bango. Sai muka ji wani sauti daga wurin Gwaggo da na zaci kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda ke fitowa da tari.

"Ja'iri," ta ce. "Ni ka ciza."

Ta ɗaga hannun dama, ta miƙe manuniya a saitin inda take jin numfashinsa.

"Wannan. Ya kumbura har muka sauka Ɗa'if, da hagu nake cin abinci kamar mara tarbiyya. Inna ba ta ga teku ba, Auta. A Habasha muka binne ta, kana kwance zazzaɓi ya rufe ka, ba ka san inda kake ba. Matan ayari suka ɗaura mini zanenta, suka ɗora mini kai. Da ka farfaɗo ka ji ƙamshin zanen, sai ka ce Inna. Na ce in na yi shiru za ka yi kuka, in ka yi kuka ba ni da abin ba ka. Ka kira, na amsa. Haka muka ƙetare."

Baba ya dubi yatsan.

"Shekaru hamsin da wani abu," ya ce a hankali, "ba ki faɗa ba."

"In ce me? In ce ni na goya ka? Gori ke nan. Ni ban yi wa ƙanena gori ba ina yarinya, sai da furfura? Na dai hana ka yi wa Allah ƙarya a addu'a. Ban san kana ɗauke da cizo ba. Da na sani da na karɓi kayana tuntuni."

Ya kama yatsan da hannu biyu, ya riƙe kamar wanda aka ba ajiyar ƙwai. Ya daɗe. Da ya yi magana, muryar tukuba ce ta dawo, ta ɗan karye a gefe.

"To Yaya, a yafe mini cizon."

"Sai na yi tunani," in ji ta.

Furen ya mutu kafin Juma'a, kamar yadda na gaya musu zai yi, domin wanda ya saba da gajimare ba ya zama a Mahjar. Babu wanda ya damu. Baba bai sake tambayar wani direba ciyawa ba. Abin da ya sauya shi ne safiyarsa. Kullum kafin ya tafi wurin mahauci sai ya ƙetare lungu, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin tabarmarta har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ya gaishe ta gaisuwar da ɗa ke yi wa uwa. Ita kuma ta ce ya tashi kada ya karye mata a ɗaki. Bai fasa ba har ranar da ƙafa ta ƙi.

Ni abin da na samu wurinsa ba ya lissafuwa. Ya ba ni 'yarsa ba tare da ya tambayi abin da nake da shi ba. Ya ba ni gida a garin da na zo ban san kowa ba. Ya sa na hau dutse na ga da idona abin da na yi shekaru ina zana wa yara a allo. Kuma na ga yadda mutum ke karɓar labarin da ya rushe abin da ya riƙe tun yana goye, ya karɓa da godiya, bai nemi a rage masa ba. Allah ya ji ƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya haɗa shi da wadda ke kwance a Habasha, a inda babu teku tsakaninsu. Wanda ya taɓa cin tsirensa, ko da mai sanyi ne irin nawa, ya sa shi a addu'a.

Ranar da za a kai shi, da aka gama sutura, Gwaggo ta sa aka zaunar da ita a bakin ƙofarta. Ba ta gani, amma ta ji lokacin da maza suka sa kafaɗa, makara ta ɗaga, wani ya ce yalla, mu je. Ta buga sandarta a ƙasa, aka tsaya.

"Ku tafi da shi a hankali," ta ce. "Jijjiga na sa shi amai."

Wani daga cikin samarin ya ce kada ta damu, ba shi da nauyi.

"Na sani," in ji Gwaggo. "Can ma bai yi ba."